Jirgin Ruwan Huay Xai Zuwa Luang Prabang: Sharhi Kan Tafiyar Yini Biyu a Kogin Mekong

Matafiyin da ya ƙetaro daga arewacin ƙasar Tailan yana nufin tsohon birnin sarauta na Luang Prabang a ƙasar Laos yana da hanyoyi fiye da ɗaya a gabansa, amma wadda ta fi suna ita ce ta babban jirgin ruwa na fasinja da ke tashi daga garin Huay Xai, ya gangara kogin Mekong a hankali, ya yada zango a garin Pakbeng, sannan ya ƙarasa washegari da yamma. Nisan ya kai kimanin kilomita 300. Na bi wannan hanya a lokacin sanyi, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta da lokacinta, da sharaɗin mutum ya san abin da zai tarar kafin ya sa ƙafa a ciki, domin jirgin aiki ne na mutanen kogi wanda baƙi suka shigo cikinsa daga baya, kuma har yanzu tsarinsa bai bar asalinsa ba.

Kafin maganar jirgi akwai maganar shiga ƙasar. Huay Xai yana lardin Bokeo, yana fuskantar garin Chiang Khong na Tailan, kuma tun watan Disamba na 2013 ake ƙetarawa ta gada ta huɗu cikin gadojin abota da ke haɗa ƙasashen biyu. Turawa da yawa suna karɓar biza a bakin gadar nan take, amma masu fasfo na Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Sudan ba sa cikin waɗanda ake yi wa wannan sauƙi, saboda haka wajibi ne mutum ya kammala batun bizarsa a ofishin jakadancin Laos tun kafin ya kama hanyar iyaka. Wanda ya yi sakaci da wannan zai ga kogin da idonsa, amma daga tsallake zai juya.

Jirgin kansa dogo ne siriri, mai rufi, gefunansa a buɗe suke ba tare da gilashi ba, sai labule ko tamfol da ake saukewa idan ruwan sama ya sauko ko rana ta matsa. Matuƙi yana zaune a can gaba, injin kuma yana can baya, kusa da ɗan ɗakin da iyalin mai jirgin suke kwana da girki, domin yawancin jiragen mallakar iyalai ne da ke rayuwa a cikinsu. Wannan ne ya sa ake buƙatar fasinja ya cire takalminsa a bakin shiga, a ba shi leda ya saka, kamar yadda ake yi idan za a shiga gidan mutum a ko'ina a Laos. Na ji daɗin wannan ƙa'ida ƙwarai, saboda ita ce ta sa daɓen katakon ya kasance da tsabta har ƙarshen tafiya, ta kuma sa baƙo ya tuna cewa a wurin zaman wasu yake. Kujerun yawanci na tsofaffin motoci ne da aka ciro aka jera a kan katako, ba a ɗaure su da ƙusa ba, suna da laushi daidai gwargwado, amma wurin miƙe ƙafa ya danganta da yadda na gabanka ya tura tasa baya. Manyan jakunkuna ana saka su a ƙarƙashin daɓe ko a tara su a baya, don haka duk abin da mutum zai buƙata a yinin, kamar magani da rigar sanyi da abinci, ya ware shi a ƙaramar jaka tun da farko.

Babban abin da ke raba wanda ya ji daɗin tafiyar da wanda ya sha wuya shi ne wurin zama. Injin tsohon injin dizal ne mai ƙara, kuma wanda ya makara har aka tura shi kujerun baya zai yi sa'o'i shida ko bakwai cikin ƙugi da zafi da warin mai, ba zai iya jin maganar na kusa da shi ba sai an ɗaga murya. Ana rubuta lambar kujera a jikin tikiti, amma ba kullum ake bin ta ba, musamman a rana ta biyu, inda wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa. Shawarata ita ce mutum ya sayi tikitinsa da kansa a ofishin da ke bakin tashar, ya iso da wuri, ya nemi wuri daga tsakiya zuwa gaba. Masu masauki da dillalai ma suna sayar da tikitin tare da kai mutum tasha, da ɗan ƙari a kan farashi. Farashin kansa yana yawan canzawa, domin darajar kip, kuɗin ƙasar, ta faɗi sosai tun daga 2022, amma har yanzu wannan jirgi yana cikin hanyoyi mafi araha, kuma jiragen alfarma masu bin hanya ɗaya da shi suna karɓar ninkin kuɗinsa sau da yawa.

Inda na fi ganin gazawa shi ne wajen lodi da kiyaye lafiyar fasinja. Jirgin da na shiga bai tashi a kan lokacin da aka faɗa ba, an tsaya jiran ƙarin mutane, kuma da suka iso sai aka jera kujerun roba a hanyar wucewa, wasu suka zauna a ƙasa kusa da ɗakin injin. Rigunan kariya daga nutsewa suna nan, amma an cusa su a sama ƙarƙashin rufi, ba wanda ya nuna wa fasinja inda suke ko yadda ake ɗaura su, kuma a ganina adadinsu bai kai adadin mutanen da ke ciki ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kogi irin Mekong, wanda a wannan yanki yake cike da duwatsu masu kaifi da wuraren da ruwa ke juyawa da ƙarfi. Ina ba duk mai tafiya shawara, musamman mai ɗauke da yara, ya nemo riga ɗaya da hannunsa tun kafin a tashi, ya ajiye ta kusa da ƙafarsa. Makewayi yana baya, irin na tsuguno ko na zama da ake kora da bokiti, da safe yana da tsabta, zuwa la'asar kuma ya danganta da halin fasinjojin ranar.

Duk da haka dole in yaba wa matuƙin. Na daɗe ina kallonsa daga inda nake zaune, hannunsa a kan sitiyari, idonsa a kan fuskar ruwa, ba na'urar auna zurfi a gabansa. Yakan kauce wa wurin da ni nake ganin shimfiɗaɗɗen ruwa ne mai kyau, ya nufi wani lungu matsattse tsakanin duwatsu biyu, sai bayan an wuce in hango kan dutse yana leƙowa daga inda ya guje wa. Idan an zo wurin da ruwa ke gudu sai ya rage wuta, ya bar igiyar ruwan ta ɗauki jirgin, sannan ya ƙara wuta daidai lokacin da baya ke neman karkacewa. A wasu wurare akwai ginshiƙan kankare da aka kafa a kan duwatsu tun zamanin mulkin Faransa don nuna hanya, amma yawancin aikin sani ne da aka gada, kuma shi ne ainihin abin da fasinja yake biya.

Da farko kogin shi ne iyaka, Tailan a dama Laos a hagu, kafin ya kutsa cikin ƙasar Laos gaba ɗaya, tsaunuka su matso daga kowane gefe. Daga nan sai tituna da turakun lantarki su yi ƙaranci. Abin da ido ke gani shi ne daji a kan gangare, da farin yashi a gaɓa, da baunar gida kwance cikin ruwa har wuya, da sandunan gora da masunta suka maƙale a tsagar duwatsu da taru a rataye, da mata tsugune a bakin ruwa suna tankaɗe yashi a faranti suna neman zinariya. A lokacin rani, idan ruwa ya ja baya, mutanen ƙauyuka suna shuka gyaɗa da kayan lambu a kan yashin da ya bari. Ƙauyukan da ake wucewa ba duka na ƙabilar Lao ba ne, akwai na Khmu da na Hmong da wasunsu, domin ƙasar, wadda mutanenta ba su kai miliyan 8 ba, tana da ƙabilu kusan 50 da gwamnati ta amince da su.

Jirgin yana tsayawa sau da yawa a inda ba tasha, sai dai tudun yashi ko dutse, kuma wasu baƙi suna ƙorafi a kan haka. Ni kuwa a nan na ga amfanin jirgin. A ɗaya daga cikin wuraren, wata dattijuwa ta tsaya a gaɓa tana kaɗa ƙyalle, matuƙi ya juya kan jirgin ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, yaron jirgi ya dafe da doguwar gora, aka miƙa katako guda ɗaya mai faɗin tafin ƙafa biyu. Ta hau da buhun shinkafa a bayanta, igiyarsa ta ratso goshinta, hannunta ɗaya riƙe da kwandon kaji, ba ta ko dubi ƙasa ba. Bayanta aka turo babur, maza uku suka ɗaga shi zuwa gaban jirgin. Ga ƙauyuka da yawa a wannan yanki, kogin ne hanyar kasuwa da ta asibiti, kuma kuɗin da baƙi ke biya yana cikin abin da ke sa jirgin ya ci gaba da zuwa kullum. Wanda ya fahimci haka ba zai ga tsayawar a matsayin ɓata lokaci ba. Abin da ya dame ni a wasu wuraren tsayawar shi ne ƙananan yara da ke rugowa suna tallan abin hannu na zare, baƙi kuma suna jefa musu kuɗi da alewa daga cikin jirgi, abin da bai dace da mutuncin yaran ba, kuma yana iya janye su daga makaranta.

Abinci a cikin jirgi shi ne ɓangare mafi rauni. Akwai ɗan kanti a baya inda matar mai jirgin ke sayar da taliyar kofi da ake zuba wa ruwan zafi, da soyayyen dankali na leda, da ruwan gora, da shayi da kofi, da giya, a farashin da ya ɗara na gari. Giyar tana jawo matsala tata, domin wani rukuni na matasa baƙi yakan mai da tsakiyar jirgin wurin shaye-shaye da kiɗa tun kafin azahar, ba tare da la'akari da mutanen ƙasar da ke zaune shiru a gefe ba, kuma ma'aikatan jirgin ba sa tsawatarwa, kasancewar mutanen Laos ba sa son ɗaga murya ko kunyata mutum a bainar jama'a. Gaba-gaba ya fi natsuwa. Mafita game da abinci ita ce mutum ya yi guzuri daga gari. A Huay Xai da Pakbeng mata suna sayar da khao jee, dogon burodi irin na Faransawa wanda ya zauna a ƙasar tun zamanin mulkin mallaka da ya fara a 1893, ana tsaga shi a zuba ƙwai da kayan lambu. Musulmi ya lura sosai a nan, domin cikin abin da aka saba shafawa a burodin akwai niƙaƙƙiyar hanta da naman alade, sai ya tsaya a kan mai sayarwa ya nuna ƙwai da ganye kaɗai. Ayaba da lemo da abarba da dafaffen ƙwai suna da arha kuma suna ko'ina.

Guzurin mutanen ƙasar ya fi na baƙi kyau nesa ba kusa ba. Kowane iyali yana ɗauke da ɗan kwandon gora mai murfi cike da khao niao, shinkafa mai danƙo da ake jiƙawa tun dare a turara da asuba, wadda ita ce ginshiƙin abincin Laos safe da rana da dare. Iyalin da ke kusa da ni suka buɗe nasu da hantsi, uwar ta gutsuro shinkafar da yatsu, ta mulmula ta a tafin hannu har ta yi ƙwallo, ta dangwala a wani dakakken barkono da gasasshen gauta, ta miƙa wa ƙaramin ɗanta, sannan ta turo kwandon wajena tana murmushi. Shinkafar ba ta manne wa hannu, tana da ɗan zaƙi da tauri, tana kuma riƙe ciki na tsawon sa'o'i, shi ya sa manoma da masunta suka dogara da ita. Ana samun ta a kasuwar safe a kuɗi kaɗan, kuma ita da gasasshen kifin kogi sun fi duk abin da kantin jirgin ke sayarwa.

Ana isa Pakbeng, a lardin Oudomxay, dab da faɗuwar rana. Gari ne mai titi ɗaya da ya hau gangare daga bakin ruwa, yana rayuwa a kan fasinjojin dare ɗaya. Kuɗin masauki ba ya cikin tikiti. Tun a cikin jirgi wani dillali ya tashi ya yi mana jawabi cewa ɗakuna sun kusa ƙarewa a garin, wai gara kowa ya biya a hannunsa, amma da muka sauka sai ga masu masauki jere a gaɓa da hotunan ɗakuna da motocin ɗaukar kaya, kuma farashinsu bai kai nasa ba. Hawan daga jirgi zuwa titi yana da wuya ga mai nauyin kaya ko ciwon gwiwa, musamman idan ruwa ya ja baya kuma duhu ya fara. Ɗakunan masu sauƙi ne, da gado da gidan sauro ko fanka, da ruwan zafi a yawancinsu. Da sassafe, idan an yi sa'a, ana hango giwaye a tsallaken kogi an kawo su shan ruwa daga wata cibiyar kula da su, abin da ke tuna wa mutum cewa daular da Fa Ngum ya kafa a 1353, Lan Xang, da giwaye ta yi suna.

A Pakbeng ne mutum zai fara cin abincin Laos na sosai. Wanda na fi ba da shawara shi ne mok pa, kifin kogi da ake dakawa da ganyaye masu ƙamshi a naɗe a ganyen ayaba a turara, da kaipen, wato gansakukar kogi da ake shanyawa fale-fale da riɗi da tafarnuwa a soya ta yi ƙamas-ƙamas. Akwai tam mak hoong, ɗanyar gwanda da ake firewa siri-siri a daka a turmi da barkono da lemun tsami, mai yaji ƙwarai. Kusan kowace miya ana saka mata padaek, ruwan kifi da aka tsima da gishiri da dusar shinkafa na tsawon watanni, wanda matsayinsa a tukunyarsu kamar na daddawa ne a tamu: warinsa yana da ƙarfi, amma in babu shi miyar ba ta da armashi. Laap, wato yankakken nama ko kifi da na'a-na'a da lemun tsami da garin soyayyiyar shinkafa, shi ne abincin da ƙasar ta fi alfahari da shi, sai dai a nemi na kifi kuma dafaffe, domin akwai mai ɗanyen nama. Musulmi 'yan ƙalilan ne a Laos, masallatan da aka sani suna Vientiane, babban birnin ƙasar, saboda haka naman yanka na halal yana da wuyar samu a wannan hanya, kuma taliyar khao soi ta arewacin ƙasar da naman alade ake yin ta. Kifi da ƙwai da ganye sun wadatar. Game da salla, abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya yi amfani da rangwamen matafiyi na kasaru da haɗa salloli, domin jirgin yana juyawa da kogin ba ƙaƙƙautawa, wurin tsayuwa kuma ƙanƙane ne.

Rana ta biyu ta fi tsawo, tana kaiwa sa'o'i bakwai zuwa takwas, kuma sau da yawa ba jirgin jiya ake komawa ba, don haka a tambaya da kyau kafin a shiga, kada mutum ya faɗa wanda zai koma Huay Xai. Safiyar tana da sanyi mai shiga ƙashi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, hazo yana kwance a kan ruwa, iska tana kaɗowa ta gefen da ba gilashi, kuma wanda ya zo da tunanin cewa yankin zafi ne kawai zai yi rawar ɗari har hantsi. Duk da sanyin, waɗannan watanni su ne mafi kyau. A Maris da Afrilu ana ƙona gonaki a kan tsaunuka, hayaƙi yana rufe sararin sama har ba a ganin tsallake sosai, ruwa kuma yana yin ƙasa. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, daji yana yin kore shar, amma kogin yana cika ya yi ja, yana ɗauko itatuwa.

Kusa da ƙarshen tafiya abubuwa uku suna zuwa kusan a jere. Akwai gadar jirgin ƙasa na Laos da Sin, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2021, wanda ya mai da tafiya daga Luang Prabang zuwa Vientiane ta kimanin sa'o'i biyu. Akwai kogunan dutse na Pak Ou, a inda kogin Ou ke shiga Mekong, kimanin kilomita 25 kafin birnin, inda mabiya addinin Buda suka tara dubban gumaka tsawon ƙarnuka; jirgin fasinja ba ya tsayawa a nan, daga nesa kawai ake hango bakin kogon da farar matattakalarsa a jikin dutse. Akwai kuma aikin babbar madatsar ruwa ta Luang Prabang, mai ƙarfin megawat 1,460, wadda yawancin wutarta Tailan za a sayar wa. An riga an yanke gefen tsauni, manyan motoci suna kai da kawo a inda da daji ne. Madatsar Xayaburi da ke ƙasa da birnin ta fara aiki tun 2019, kuma akwai shirin gina wata kusa da Pakbeng. Laos ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi wadda ba ta da teku, kuma wutar lantarki na cikin manyan abubuwan da take sayarwa waje, don haka ban ga dalilin da baƙo zai yi saurin yanke mata hukunci ba. Amma idan aka tare ruwan, duwatsun da matuƙi ke kaucewa da yashin da ake shuka gyaɗa a kai da wuraren tsintar gansakuka za su nutse a dogon yanki na wannan hanya, ƙauyuka da dama kuma za su tashi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa nake ganin wanda ke da niyyar tafiyar kada ya jinkirta ta da yawa.

Saukar ba ta yi mini daɗi ba. A da jiragen suna tsayawa ne a tsakiyar birnin, bayan tsohuwar fadar sarki da aka gina a 1904, wadda ta zama gidan tarihi bayan an kawar da sarauta a 1975, kusa da wurin ibada na Wat Xieng Thong da Sarki Setthathirath ya gina wajen 1560. Yanzu ana sauke fasinja a wata tasha mai nisan kimanin kilomita 10 daga birnin, a hau doguwar matattakala da kaya, a sake sayen tikitin babur mai ƙafa uku, a jira ya cika. Ta haka mutum ya rasa shiga ta ruwa cikin birnin da hukumar UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi na duniya a 1995, kuma kuɗin wannan ƙarin tafiya ba a faɗa wa kowa lokacin sayen tikiti, saboda haka a riƙe canjin kip a aljihu.

Mai gaggawa, ko mai ciwon baya, ko mai jariri, gara ya bi mota zuwa tashar jirgin ƙasa mafi kusa ya ƙarasa ta dogo. Ƙananan jiragen gudu da ke cinye hanyar a yini ɗaya, waɗanda fasinjojinsu ke sanya hular kwano, ban ba kowa shawarar shigarsu ba, saboda haɗarinsu a tsakanin duwatsun nan sananne ne. Wanda kuma tsarin tafiyarsa ya ba shi dama, ya gwada bin hanyar ta ɗaya gefen, wato ya tashi daga Luang Prabang ya haura zuwa Huay Xai, domin jirgin yana ɗan ƙara jinkiri saboda yana gaba da ruwa, amma fasinjoji sun fi ƙaranci sosai, ana samun kujera a gaba ba tare da gardama ba, kuma yawancin abokan tafiyar mutanen ƙauyukan kogin ne.